Rasuwar Kejin Mama Eulogia, da Tambayar Wanda Ya Ɗiga Masa Mai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, gidan Mama Eulogia Ccahuana da ke unguwar sama, a ƙauyenmu na kan duwatsun Cusco, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kejinta na ɓerayen Masar. Ya faɗi ranar Alhamis da hantsi a kusurwar ɗakin girki, yana da shekara huɗu a duniya, bayan wata jinya da har yanzu mai shi ba ta gama yarda cewa ta Allah ce ba.

Marigayin ba sayo shi aka yi ba, a gida aka haife shi. Shekarar da mijinta Don Saturnino ya rasu ya bar Mama Eulogia da ɗaki shiru, ita da kanta ta ɗauki zartonsa da gudumarsa ta haɗa shi. Ginshiƙai huɗu na itacen turare, ragar waya da ta rage daga akurkin kaji, rufi daga murfin akwatin aurenta, sai ƙofa mai hinji ɗaya tak da ta ciro daga tagar da ba a buɗewa. Kwana tara ta yi tana bugu, ta daka babban yatsanta sau biyu. Ya fito a ɗan karkace, kamar mai sauraren hirar maƙwabta ta bango, amma a haka ya tsaya da ƙafafunsa.

Kowa ya san ɓeran Masar ba ya buƙatar keji. A ƙasan ɗakin girki yake yawo, ya kwana bayan murhu, ya ci ɓawon dankali, ranar biki a miƙa hannu a kamo shi. Gidan ma akwai irinsu sun fi talatin, ba wanda ya ɓata lokaci ya raɗa musu suna. To aikin marigayin ke nan tun daga haihuwa har mutuwa: ya raba na ƙasa da na sama. Na ƙasa na gashi ne. Na sama kuwa su ne Mama Eulogia take gaya wa labarin gona da ciwon gwiwarta, kuma ba su taɓa katse ta ba.

Ya rasu ya bar marayu biyu. Babban shi ne Alcalde, wato Magajin Gari, wanda ya samu sunan saboda ci ba aiki, ɓeran da ya fi kowanne ƙiba daga nan har bakin kogi. Sai ƙaramar, mai suna Yana, baƙa ƙirin, babu ko gashi ɗaya fari a jikinta. Ya kuma bar Mama Eulogia, da 'yarta Nélida, da jikarta 'yar shekara uku, da surukinta Fortunato, wanda aka sa sunansa a nan saboda al'ada.

Cikin kyawawan halayen marigayin babu kamar muryarsa. Hinjin nan ya yi tsatsa tun kafin a haifi wasunku, kuma duk wanda ya taɓa ƙofar, komai sanyin hannunsa, sai keji ya ce ƙiiiiƙ, ya ja shi har ƙarshe, sannan sakata ta ce ƙwas. Mama Eulogia tana jin wannan daga wajen wanki, daga garken tumaki, ta ce ma akwai ranar da ta ji shi daga cikin coci. Bai taɓa rufa wa kowa asiri ba. Kare kan yi shiru in an jefa masa ƙashi, shi kuwa marigayin babu abin da za a jefa masa.

Jinya ta fara ne makonni uku da suka wuce, kuma a lura da kwanan nan da kyau. A makon ne aka sa ranar askin farko na jikar, aka zaɓi uban aski, mutumin da zai fara yanke mata gashi, wanda dole a ajiye masa ɓera mafi girma a faranti, gasasshe, ɗungurungum. A makon ne kuma Mama Eulogia ta buɗe keji da safe ta ji shiru. Ta rufe, ta sake buɗewa, shiru. Ta shafa hinjin, yatsanta ya fito da maiƙo.

Fortunato bai musa ba. Ya ce shi ne, da man keken ɗinki, saboda kukan yana tashin yarinya daga barci. Ta ce yarinyar da ta shekara uku tana barci cikin kukan nan, sai makon da aka sa ranar biki kunnenta ya buɗe? Ya yi dariya ya ce shi fa alheri ya yi niyya. Tun ranar ta lura ba ya shiga ɗakin girki ya fita bai tsaya gaban Alcalde ba, yana kallonsa ta gefe, irin kallon da ake yi wa rago a kasuwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Don Melquiades mai magani, wanda shekara huɗu bai taɓa tambayar lafiyar ko kazar gidan ba, sai ga shi da damin ɗanyar ciyawa, wai na Yana. Kun san aikinsa: baƙin ɓera yake shafawa a jikin mara lafiya daga kai har ƙafa, sannan ya farke shi ya karanta cutar a cikinsa. Baƙi mara sirki kuwa ya yi wuya bana. Mama Eulogia ta karɓi ciyawar da hannu biyu, ta yi godiya, yana fita ta ba akuyar maƙwabta, ta zauna tana kallon akuyar har yamma. Akuyar ba ta yi komai ba. Wannan ma ba ta ɗauke shi a matsayin hujja ba.

Ranar Alhamis ta fita yankan ganyen sha'ir. Ba ta ji komai ba, don wanda zai kira ta an riga an rufe masa baki. Ta dawo ta tarar da marigayin a durƙushe, ginshiƙin baya na hagu ya karye, raga ta wage, marayu sun gangaro cikin na ƙasa. A nan hatsarin yake. Na ƙasa sun san hannun mutum, suna ganin inuwarsa suke watsewa. Waɗannan biyun kuwa duk hannun da aka miƙa musu nufarsa suke yi, suna kwi-kwi, a zatonsu karas ne. Shi ya sa ta sami Alcalde kwance a tafin Fortunato, yana ɗaga shi yana saukewa a hankali.

"Mama, tsintarsa na yi. Riƙe miki shi nake."

"Riƙo ne wannan ko awo? Ajiye min ɗana, ɗan nan."

Ba ta gama rufe baki ba sai ga Don Melquiades a ƙofa, hula a hannu, ya zo ta'aziyyar mutuwar da ba a kai ga gaya wa kowa ba. Ya ce ƙarar faɗuwar ya ji. Gidansa kuwa yana bayan tudu.

Mama Eulogia da kanta ta duba gawar. Babu alamar zarto, a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Gurbin haƙora ne a wurin, ƙanana, daga ciki. Ta ɓantari ɗan itacen ta lasa, ta ji gishiri. Nan ta miƙe tsaye ta ce ga shi nan, an shafa wa ginshiƙi gishiri don yaran su ci gidansu da bakinsu, ta juya tana kallon maza biyun ɗaya bayan ɗaya.

Sai Nélida ta tuna mata da murya ƙasa-ƙasa cewa watan jiya da wancan ginshiƙin ya ruɓe, ita Mama ce ta canza shi da hannunta, kuma daga allon Baba ta yanko itacen, allon da ya shekara talatin yana barbaɗa wa naman tumaki gishiri a kai kafin shanya.

Ɓeraye suka ci gaba da taunarsu. Mama Eulogia ta daɗe tana juya guntun itacen a hannu, idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi. Sannan ta ɗago ta ce to ta ji, ita ta yanka. Amma allon nan shekara huɗu yana saman rumbu. Wa ya sauko da shi ya jingine a inda za ta gan shi? Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba wanda ya amsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, ranar askin. Fortunato ya nemi a ba shi katakon ya hura wutar gashi, kuma an amince, don marigayin ya san wanda ya ƙarasa shi. Uban aski zai ci ɓeraye biyu na ƙasa maimakon ɗaya na sama, in bai ƙoshi ba akwai dankali. Marayun za su halarci taron a goye a bayan Mama Eulogia, cikin mayafi mai ƙulli biyu, inda suke tun ranar Alhamis. Ana roƙon masu ta'aziyya su gaishe su daga nesa. Ba a ɗagawa, ba a shafawa, ba a tambayar me suke ci. Mai son kawo ciyawa ya fara taunawa a gaban mutane.

Sabon keji Fortunato ne zai gina shi ranar Litinin, ita tana zaune a gefe, kuma kowane katako sai ta lasa kafin ƙusa ta shiga. Hinjin marigayin ba zai shiga wuta ba. An wanke shi da toka, an rataye shi a bakin indararo yana shan ruwan sama. Mama Eulogia takan je kowace safiya ta motsa shi, ta kara kunne. Ta ce ranar da ya sake cewa ƙiiiiƙ, ranar za ta kwance goyo. Allah ya ba ta haƙurin rashi, ya kuma gaggauta tsatsa.