Dariyar Delphine da Masu Girma Suka Wanke

A layinmu, in ka tambayi mutum uku wane ne Orval Tackett, amsa uku za ka ji. Mai aski ya ce bai taɓa ganin haƙoransa ba, har yana zargin babu su. Mai kawo wasiƙu ya ce karnukan unguwa sun daina yi masa haushi, don ba ya tanka musu. Consuelo kuwa, mai gidan burodin da ke kwanar layi, cewa take yi: "Wannan tsohon? Fuskar da ya binne matarsa da ita, da ita ya aure ta. Na ga hoton." Abu ɗaya suka haɗu a kai: duk faɗin Kalifoniya babu mai kallon shirin talabijin na Dodannin Bene kamar Orval, kuma tunda yake kallo ko murmushi bai taɓa yi ba.

Kun dai san shirin. Iyalin dodanni ne ke haya a saman benen wani mai wankin kaya: uban mai ƙaho ɗaya yana tallan inshora, uwar mai hannu uku tana saƙa, kakar tana zaune cikin firji. Kullum uban ya dawo aiki sai ƙahonsa ya daki saman ƙofa. Muna samari aka fara shi, a baƙi da fari. Daga baya Masu Girma na kamfanin talabijin suka sake shi da launi. Suka sake shi a bakin teku. Suka sake shi babu wasa, uban yana kwance a gaban likita yana ba da labarin yarintar ƙahonsa. Bana kuma sun sanar cewa bayan dogon nazari sun gano wata sabuwar hanya da ba a taɓa bi ba: za su yi shi daidai yadda aka yi na farko.

Ni ban isa in ja da su ba. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya, kuma malamarmu ta ce wanda ya kwafi aikin na kusa da shi sifili za ta ba shi. Ashe don a ƙaramin aji muke ne. A manyan ajujuwa ofis ake ba mutum, da mota, da tallafin gwamnati daga hannun Mai Girma Shugaban Raya Sabbin Tunani, Allah ya ƙara masa tsofaffin faifai.

Layinmu suka zaɓa don ɗaukar shirin. Manyan motocinsu suka toshe hanyar gidan mai, muka wayi gari muna layi kamar ana yaƙi. Ranar Talata man motata ya ƙare ina cikin layin shan mai, na tura ta gida, wani dodo mai riƙe da kofin gahawa ya taya ni. An yi mana alkawarin buɗe hanya a ƙarshen mako, ba a dai faɗi na wane wata ba. Don a wanke mana zuciya, sai aka gayyace mu zauren unguwa ranar Asabar da rana, mu fara ganin kashi na farko kafin duniya ta gani.

Ni kaɗai na san abin da ke kai Orval gaban talabijin, ba don na tambaya ba. Mukan zauna a barandarsa da yamma, shi shiru, ni shiru, har wata rana shirun ya ishe shi. Ya ce suna sabon aure ya kai matarsa Delphine kallon ɗaukar shirin na farko, lokacin da ake tara mutane a ɗaki su yi dariya a naɗa. Da ƙaho ya daki ƙofa, Delphine ta saki dariyarta, wadda ke farawa kamar butar shayi ta tafasa, ta ƙare kamar agwagwa ta ga maciji. Na'ura ta kama ta. Tun daga ranar, duk sakewar da aka yi, wannan tsohuwar dariyar ake ɗorawa, don tara rayayyun mutane da wahala, kuma ba lallai su yi dariya ba.

"Duk mako ina jin ta," in ji shi. "Can bayan dariyar mai tari."

Kaset-kaset ɗinsa na gida na'ura ta tauna su tun tuni. A shirin nan kaɗai ta rage masa.

Asabar ta zo. Aka raba mana donat da gahawa a kofin takarda. Orval ya sa rigar zuwa coci, ya zauna a gaba, ni da Consuelo muka saka shi tsakiya. Mai Girma Daraktan Ƙirƙira, saurayi mai fararen haƙora, ya ce abin da za mu gani zai girgiza duniya. Aka kashe fitila. Ga bene, ga firji, ga uwa tana saƙa da zare irin na da. Uba ya dawo aiki. Ƙaho ya daki ƙofa.

Dariya ta tashi, sumul, kamar an yi mata guga. Mai tari yana nan. Butar shayi babu, agwagwa babu. Sai dai a ƙarshe, cikin ɗan shirun da ya biyo baya, muryar wani namiji ta fito tar: "Shhh!"

Orval ya miƙe. Fim yana tafiya, inuwar kansa ta rufe firji.

"Ina matar?" ya ce.

Aka kunna fitila. Mai Girma ya ce, "Kaka, wace mata? Mai hannu uku ai ga ta can."

"Mai dariya."

"Au, wannan ƙarar!" Fuskarsa ta washe. "Kaka, kunnenka da kyau. Wannan ne babban gyaran da muka kawo. Kwamitin ƙwararru ya zauna a kanta, ya gano tsuntsu ne ya shiga ɗakin naɗa sauti. Mun wanke ta. Har tsofaffin shirye-shiryen duk mun bi mun wanke, don na baya su huta."

Consuelo ta ajiye donat. "Ɗan nan, shekara da shekaru kuna kwafar ƙofa, kuna kwafar ƙaho, ko ƙusa ba ku canza ba. Ranar da Allah ya ba ku tunani ɗaya tak na kanku, a kan matar mutane ya faɗa?"

"Matata ce," in ji Orval. "Delphine. Ta rasu."

A nan ne na ƙara ganin girman manya, don Mai Girma ko gezau bai yi ba. Ya dafa ƙirji ya ce kamfani yana jin zafin duk wani zafi da mai yiwuwa wani ya ji, idan har an ji shi. Consuelo ta raɗa mini cewa wannan ban-haƙurin ma sakewa ne: shi aka yi mana lokacin da suka sare itatuwan layi, sai dai wancan karon mai faɗa yana da gemu.

"To shi 'shhh' ɗin fa?" mai aski ya ɗaga murya daga baya. "Me ya sa kuka bar shi?"

"Ƙwararru sun so shi ƙwarai. Sun ce yana da rai."

Na dubi Orval. Kunnuwansa sun yi ja. Wannan ɓangaren bai taɓa faɗa mini ba, amma muryar ba baƙuwa ba ce, tsufa kawai ta yi.

Mai Girma ya tafa hannu, wata dabara ta zo masa, ta biyu a rana ɗaya. Ya ce ainihin faifan ya tafi, amma kada Kaka ya damu, za su sake Delphine. Za a nemo matashiya mai murya ta zamani ta yi dariyar, wataƙila ma a ba ta shiri nata na kanta. Abin da ake buƙata kawai, Kaka ya kwatanta yadda take. Ya miƙa masa makirfo.

Na zaci zai jefe shi da ita. Sai ya karɓa. Ya tsaya yana kallonta kamar an ba shi jaririn wani. Ya gyara murya. Ya ja numfashi ta hanci, wani siririn fito ya fito, ya hau, ya hau, ya karye, sai ga agwagwa.

Ba ta yi kama sosai ba. Amma Consuelo ta yi ihu, "Ita ce! Wallahi haka take yi a coci!" Mai aski ya ƙyalƙyale har ya faɗo daga kujera, yana nuna bakin Orval: "Akwai su! Akwai haƙora!" Zaure ya kece da dariya, wadda ba a yi mata guga ba, wani na tari, wani na dukan cinya. Orval ya sake gwadawa, a tsakiya ta ƙwace masa ta zama tasa, hawaye na bin kumatunsa.

Mai Girma yana ta juyawa yana tambayar yaransa ko an naɗa. Ba a naɗa ba. Sabon abu ne, kuma babu wanda aka ɗauka aiki don wannan.

Da dariya ta lafa, Orval bai mayar da makirfo ba. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga kai, ba wajen Mai Girma ba, can wajen fankar da ke juyawa a sama.

"A coci na ce miki shhh. A gidan mutane na ce miki shhh. Har a talabijin, gaban ƙasa duka. Delphine, ki yi haƙuri. Yi dariyarki."