Kwanon Ruwan Ɗumi a Tumfure

Ni da matan unguwar Jekadafari ke turo wa 'ya'yansu su koyi ladabi, ni aka kai gidan abinci a Tumfure, inda ake girkin Larabawa da Indiyawa da 'yan Caina. Iyayen saurayin jikata Hauwa ne suka gayyace mu. Tun a cikin keke mai ƙafa uku na ja kunnen Hauwa da sauran 'yan gidanmu: "Kada wanda ya kunyata ni gaban surukai."

Muna zama aka ajiye mini kwanon ruwan ɗumi, garau, ɗan ganye na yawo a kai. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun san girman baƙo. Na cire zobe, na wanke hannu tas, har tsakanin yatsu. Sannan na tura wa uwar yaron: "Bismillah, Hajiya, da sauran ɗuminsa."

Hauwa ta rufe fuska. "Kaka, miya ce!"

"Miya? Ina kukarta? Ina daddawarta?"

Hajiya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

An ɗaura aure lafiya. Amma har yau in Hauwa ta kawo mini farfesu, sai ta durƙusa da ladabi ta ce, "Kaka, in haɗo da sabulu?"