Ruwan da Na Ce Sai Damina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shimfiɗa tabarma a gaban teku ba, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garinmu girma ba.

Lokacin sanyi ne, an gama kaka, masara ta shiga buhu. Abokina Isiyaku, wanda muka taso tare a Bakori tun muna kiwon awaki, idonsa ya fara mutuwa a hankali. Likitoci a Zariya ba su ɓoye masa ba: magani zai rage wa ciwon gudu ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Wata safiya muna jin ɗumi a ƙofar gidan Lawal direba, sai Isiyaku ya ce, kamar da wasa, "Ni fa abu ɗaya ya rage da nake son gani. Teku." Babu wanda ya yi dariya. Lawal ya ce motarsa lafiya lau take, ni kuma na ce na san hanya (ban san ta ba).

Ranar tafiya, matar Isiyaku ta tsaya a bakin soro ta ce da ni, "Malam, amana na ba ka. Don Allah kada ka saki hannunsa." Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Mun bar Funtua cikin sanyin da ke hana mutum miƙe yatsu, kowa ya naɗe da rigar sanyi da hula har kunne. Muna nausawa kudu zafi ya fara dafa mu. Su biyun suka tuɓe nasu, ni na ƙi, domin tawa sabuwa ce, saboda hoto na saye ta. Daga Ikko muka kama hanyar Badagiri, muka wuce wajen iyaka, inda titi ke bin gefen teku. Bishiyoyin kwakwa a jere, masunta suna gyaran koma kusa da jiragensu. Ina ta nuna wa Isiyaku ta taga, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa, "Ina gani, ina gani."

Da muka sauka, sai na lura jama'a duk suna can sama ƙarƙashin rumfuna. A ƙasa kuwa ga fili fetal na yashi mai lema, babu ko mutum ɗaya. To ni manomin rani ne, na san irin wannan ƙasa. A wajenmu in ruwa ya janye ya bar lema, ya tafi ke nan.

"Wannan ai fadama ce," na ce. "Da a gida ne, da tuni an dasa tumatir."

Lawal ya ce, "To me ya sa kowa ke can sama?"

"Tsoro ne kawai, mutumina. Ruwan da ya janye da sanyi, sai damina."

Haka na ja Isiyaku har kusa da ruwa, na shimfiɗa tabarma, muka zauna. Lawal ya tafi sayo mana soyayyen kifi. Ruwan yana zuwa yana komawa, kuma na lura kullum yana ɗan ƙara matsowa, amma na yi wa Isiyaku bayani cewa iska ce. Ina tsakiyar wani bayanin sai na ɗaga kai, na ga ruwa ya miƙe kamar katanga ya nufo mu.

Jama'a, na saki hannun. Ban san sa'ad da na miƙe ba, ban kuma yi taku biyu ba ruwan ya kwashe ƙafafuna. Rigar sanyin ta sha ruwa ta yi nauyi kamar buhun taki, gishiri ya cika mini baki da ido. Na sadaƙar na mutu. Na shiga kalmar shahada da ƙarfi, ina haɗawa da sunayen 'ya'yana, har da wasiyyar wanda zai riƙe gonata.

Sai na ji an laluba an cafki wuyan rigata. Muryar Isiyaku ce, a natse: "Tashi mana. Ruwan ko gwiwa bai kai ba."

Na buɗe ido. Ina durƙushe a kan yashi, ruwan ya koma da tabarmata da takalmina ɗaya. Can sama mutane sun miƙe suna kallo, mata masu kifi suna dariya har da riƙe ciki. Lawal ya zauna a ƙasa da ledar kifi a hannu, dariya ta hana shi tafiya. Wanda aka ba ni amanarsa kuwa shi ne ya riƙe hannuna ya ja ni muka hau tudu.

Kunyar mutanen nan ba ta dame ni kamar kunyar Isiyaku ba. Na zauna gefensa muna ɗigar ruwa, na ce, "Ka yafe mini. Na saki hannunka."

Ya lashi gishirin da ke leɓensa. Sannan ya ce, "Bari in gaya maka gaskiya. Tun a mota ba abin da nake gani sai fari-fari. Ina cewa ina gani ne don kada ku ji kun yi wahalar banza. Har na ce a raina mun makara." Ya shafa jiƙaƙƙiyar rigarsa. "Amma ka ga ya taso da kansa ya taɓa ni, na ji ƙarfinsa a ƙirjina. Da ka san teku, da can sama za mu zauna, in koma gida ban san shi ba."

Na yi kuka, kuma na ji daɗi da fuskata take jiƙe.

Kafin damina idon ya rufe gaba ɗaya. Har yau in muka zauna majalisa shi ke ba da labarin, kuma duk bayarwa sai ruwan ya ragu. Kwanan baya a idon sawu ya tsaya. Ba na musu, domin ba ya dariya irin wannan sai a kan wannan labarin. Abin da na koya dai, ilimin fadama a fadama yake tsayawa. In kuma na isa wuri na tarar kowa ya zauna can sama, to ni ma can nake zama.