Ni Ne Mai Ƙusa

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Shanga ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da ruwan Kainji kaf. Lokacin ba a daɗe da yanke mu daga jihar Sakkwato ba. Ina ɗan akawu a ƙaramar hukuma, ranakun hutu kuma ni ne sanƙiran bukukuwa. Bakina kuwa, injin niƙa ma yakan huta, ni ba na hutawa (har gobe haka yake, haƙora ne kawai suka ragu).

A shekarun nan wasu mata uku suka tayar da ƙura a Yelwa. 'Yan Banda ake ce musu, don iyayensu mata duk masu bandar kifi ne. Hajara ke riƙe da jita tana waƙa, Ladi na da babbar jita mai gurnani, sai Rifkatu 'yar Ngaski da ta koyi ganguna a coci. Batirin mota suke jona wa kayan, ƙara kamar injin jirgin ruwa ya shiga ɗaki. Ba su wasa sarki, ba su wasa attajiri. Waƙarsu a kan matar da hayaƙi ya cinye wa ido take, mijinta na gindin bishiya yana dara. Masu buga kaset suka ƙi su, sai suka naɗi abinsu da kansu suna sayarwa a kasuwar kifi.

To, ni Hajara nake nema, har magabatana sun kai gaisuwa. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: kada in taɓa mata kiɗanta. Na rantse har da dafa ƙirji.

Ranar bikin, bayan la'asar, abokai suka sa ni gaba da tsiya. "Sanƙira, kai za ka auri macen da ta fi ka amo? Kai za ka riƙa ɗaukar mata batiri ke nan!" Abin ya sosa ni. Da na karɓi makirufo don in gabatar da 'Yan Banda, sai bakin nan nawa ya riga hankalina fita.

"Jama'a, ku buɗe kunne, don bana ce ta ƙarshe! Na riga na kafa ƙusa a bangon ɗakina. Da an ɗaura aure, can jitar nan za ta rataya, mai jitar kuma ta kama muciya!"

Maza suka kwashe da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Ɓangaren mata kuwa tsit. Hajara ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Malam sanƙira, yau kai za mu wasa."

Matan da ba su taɓa wasa kowa ba! Kaina ya kumbura ya kai girman kwale-kwale. Rifkatu ta saki ganguna, amshi ya tashi: "Mai ƙusa, mai ƙusa!" Na baza babbar riga na faɗa fili. Na yi juyi, na yi tsalle, na durƙusa na miƙe (ni da tumbina ya fara fitowa tun lokacin). Mata na ta guɗa, ni a zatona tawa ce. Amshin kawai nake ji, ban saurari baitin ba. Ashe cewa Hajara take, bai kamo kifi ba, bai hura banda ba, duk jarumtarsa a bango ta ƙare.

Gwaggona ce ta ratsa fili ta damƙo min riga. "Kai wanga yaro, mi kaka yi wa rawa? Kai aka zagi!"

Wallahi da ƙasar Shanga ta tsage, da na shige har da hula.

Washegari na je ban haƙuri. Na ce, "Hajara, wasa fa nake." Ta ce, "Na sani. Amma da maza suka yi dariya, daɗi ka ji. Shi na gani." Kafin mako ya zagayo an maido mana kayan gaisuwa.

Waƙar kuwa ta shiga kaset, ta zama bakandamiyarsu. Kowane jirgi da ke tsallaka ruwa ita yake sa. Aka riƙa gayyatar su har Birnin Kebbi da Kwantagora. 'Yan mata suka fara haɗa jitar gwangwani, wasu suka kafa nasu kiɗan. Ƙungiyar ta daɗe da watsewa, amma har yau duk namijin da ya hana matarsa sana'a a ƙasar Yawuri, mai ƙusa ake ce masa. Kwanan baya ɗiyata ta kori wani saurayi, ta ce min, "Baba, mai ƙusa ne." Na ce Allah Ya kyauta, na shige ɗaki.

Hajara ta auri wani direban jirgin ruwa, mutum mai shiru-shiru. Nakan hango su a bakin ruwa, sun tsufa suna hira, sai in canza hanya. Abin haushin, ko ƙusar ban kafa ba. Ɗakin haya nake, mai gidan ya hana a huda masa bango.

Tun daga ranar, in na saki barkwanci sai na leƙa ɓangaren mata kafin in ji daɗinsa. Rawa kuwa, ba na ɗaga ƙafa sai na ji baiti har ƙarshe.