Ranar da Na Ajiye wa Root Kujera

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na riƙe abin magana a gaban jama'a, ni da ko a gida sai an ce in ɗaga murya, na yi ta kiran sunayen mutum goma sha bakwai waɗanda ba a taɓa haifar ko ɗaya daga cikinsu ba.

'Yata Asabe, ita ce ta uku a ɗakina, ta yi karatun kwamfuta ta samu aikin koyarwa a wata 'yar makarantar kwamfuta nan cikin Lafiya, lokacin nan da wayar hannu ta fara shiga hannun masu sayar da doya. Mai makarantar, Oga Terna, yana neman wanda zai zauna bakin ƙofa ya riƙa duba ɗalibai kafin su shiga. Asabe ta ce ga uwarta. Ya ce, "Mama ya iya karatu?" (Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, ba wanda ya taɓa jin haushi.) Ta ce na yi yaƙi da jahilci, satifiket ɗina ma yana rataye a ɗaki. Ta ƙara da cewa in na jawo masa magana, ya sallame mu mu biyu. A gabana ta faɗa, shi kuma ya ce ya ji.

Aikin ba wuya. Akwai babbar kwamfuta a ɗakin ciki, ita ke riƙe da rajistar duk wanda aka yarda ya yi amfani da sauran. Asabe ta rubuta wani ɗan furogiram, wato umarni da kwamfuta ke bi. In ɗalibi ya zo, in buga sunansa, in danna maɓallin Enta, furogiram ɗin ya je ya tambayi rajistar nan, ya dawo mini da layi ɗaya: suna, lamba, rukuni, da ranar da mutum ya shiga ta ƙarshe. Kalmar sirri kuwa ba ta fitowa, an ɓoye ta wani waje daban. In layi ya fito, ɗalibi ya wuce. In bai fito ba, ya jira Asabe.

"Shi ke nan, Mama. Suna, Enta. Kada ki ƙara komai."

Ban ƙara ba. Ragewa na yi. Wata Laraba ina gyara gyale, gwiwar hannuna ta danna Enta ba tare da suna ba. Sai ga rajistar gaba ɗaya ta zubo. Ɗalibanmu na ƙasa, na san su duka. Amma a sama, can kafin su, akwai wasu sunaye goma sha bakwai da ban taɓa gani ba: Root, Daemon, Bin, Lp, Uucp, Sshd, da sauransu. Lambobinsu ƙanana, alamar sun riga kowa yin rajista. Gaban goma sha shida an rubuta ba su taɓa shiga ba. Shi kuwa Root, mai lamba sifili, kullum yana shiga. Ni ce a ƙofa tun safe, ban taɓa ganin ƙeyarsa ba.

To, wanda ya zauna Lafiya ba ya mamakin suna. Maƙwabtana akwai Eggon, akwai Migili, akwai Tibi, akwai Alago, kuma rashin kunya ne ka ce wa mutum, wane irin suna ne wannan. Na ga wasu sunayen ko wasali babu, alhali Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta koya mana baƙi ba ya tafiya sai da wasali, amma na ce kowa da yarensa.

Abin da ya dame ni shi ne rashin zuwansu. A ajinmu na yaƙi da jahilci muna da doka: in mace ta rubuta suna ta kwana uku ba ta zo ba, sai a tashi mutum biyu su je gidanta, domin yawanci ba ciwo ba ne, kunya ce. Na dubi allon kwamfutar nan na ce, Allah sarki, bayin Allah sun rubuta suna, sun ga injina sun tsorata, ba wanda ya bi sawunsu.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Asabe. Na ɗauka sakacinta ne, ni kuwa ba na son in nuna wa yarinya laifinta a wajen aiki. Na ce bari in gyara mata a ɓoye, irin yadda nake ƙara wa miyarta gishiri ba ta sani ba. Sau ɗaya kawai na ɗan taɓa ta. Tana ta sauri za ta aji, na ce, "Asabe, wannan Root ɗin, wane ne?"

Ta tsaya cak. "Ina kika gan shi? Mama, Root shi ne babba, shi ke da iko da komai a nan. Kada ki je kusa da shi."

"Har ya fi Oga?"

"A cikin kwamfuta dai ya fi kowa." Ta wuce.

Na ce ashe. Shi ya sa ba ya bi ta ƙofar talakawa.

Na kwafi sauran sunayen a littafina, na shiga cigiya. Na fara da mai doyar da nake saye wajenta, Batibiya ce. Ta juya littafin sama da ƙasa ta ce, "Mama, wannan ba namu ba, gwada Eggon." Maƙwabciyata Ba'eggoniya ta ce Uucp ya yi mata kama da na Migili. Mai gyaran keke Bamigili ya ce sam, sai dai ko mutanen Awe masu gishiri. Kowa na tura ni gaba cikin mutunci, ba wanda ya ce mini babu irin wannan suna a duniya. Ƙarshe wani mai nama ya rantse akwai gidan su Bin a Arikya. Ranar Asabar na hau acaɓa na tafi. (Na ce wa Asabe barka za ni. Allah Ya yafe mini.)

A Arikya aka kai ni wurin wani dattijo da ake cewa ya san kowa. Na karanta masa sunayen a hankali. Ya lumshe ido, ya jinjina kai, ya ce Daemon kam ya san babansa, mutumin kirki ne, tare suka yi noman ridi, amma yaran duk sun watse. Har ya ce in na same su in gaishe su. Na dawo da ƙarfin gwiwa.

Sai ga bikin yaye ɗalibai ya zo. Aka kafa rumfa a ƙofar makaranta, aka gayyaci iyaye, da wani babban jami'i mai duba irin waɗannan makarantu, wanda Oga ya daɗe yana jiran sa hannunsa. Na ce wannan ce damata, duk inda mutanen nan suke, in sun ji kiɗa za su leƙo. Ni aka ba jera kujeru da kula da abinci. Na ware kujeru goma sha shida a gefe, na manna wa kowace suna da rubutuna mafi kyau. Ta Root kuwa, mai hannu na samo, na sa ta a babban tebur, daidai tsakanin Oga da babban baƙo, wato jami'in nan. Na sa masu girki suka ware kwano goma sha bakwai na dafa-duka, na Root nama uku.

Oga ya ga kujerar ya ɗauka ta wani ne daga ofishin baƙo. Baƙo ya ɗauka ta wani ne daga dangin Oga. Asabe tana ciki tana fama da firinta, injin buga takardu.

An raba satifiket, an tafa. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu Mamanmu ta ƙofa za ta sa mana albarka." Na karɓi abin magana. Na yi addu'a, aka shafa. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labari.

Na ce, "Jama'a, akwai 'ya'yanmu da suka yi rajista tun kafin kowa, ba su taɓa zuwa ba. In kuna cikin taron nan, kada ku ji kunya. Ga kujerunku, ga abincinku." Na buɗe littafi. "Daemon." Shiru. "Bin." Shiru. "Lp, ɗana, ko 'yata, fito." Wata tsohuwa a cikin iyaye ta ce, "Allah sarki." Na ga ɗalibai sun fara sunkuyar da kai, kafaɗunsu na motsi, na ɗauka tausayi ne. Da na zo Sshd, na rasa ta inda zan kama shi, sai na yi wani sauti irin na korar kaji. Nan wani ɗalibi ya faɗo daga benci.

Ban daina ba. Na juya babban tebur na rusuna wa kujerar da ba kowa, na ce, "Muna kuma jiran mai girma Root, wanda aka ce ya fi Oga."

Baƙo bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Terna, sunaye goma sha bakwai a rajista, ba mutane? Ɗaliban bogi kake tarawa? Kuma wane ne wannan da ya fi ka, ba ya cikin takardunku?"

Oga ya miƙe, gumi na zuba. "Ranka ya daɗe, abeg, ba haka ba ne. Mama, ka kashe ni! Asabe! Asabe!"

Asabe ta fito da takardu a hannu. Ta dubi kujerun, ta dubi kwanukan, ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan haka ba. Sai a lokacin na tuna maganar da ta yi a gaban Oga ranar da aka ɗauke ni.

Ta juya wajen baƙo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda, mu shiga ciki." Taro guda ya bi su, har da tsohuwar nan. Ta zauna gaban kwamfutata ta danna Enta, sunayen suka zubo. Ta ce waɗannan ba mutane ba ne, sunaye ne da injin ke ba ayyukansa, tare da su yake zuwa tun ranar da aka haɗa shi. Lp na kula da firinta, Sshd na tsaron hanyar shiga daga nesa. Root kuwa sunan da ita kanta take shiga da shi ne in za ta yi gyara. Ta ce laifinta ne, ita ta rubuta furogiram ɗin ya kwaso kowa da kowa in ba a ba shi suna ba. Nan take ta ƙara layi ɗaya, ta ce kada ya nuna masu ƙananan lambobi. Ta sake dannawa, sai ɗalibanmu kaɗai.

Baƙo ya sa ta maimaita sau biyu. Sannan ya juyo gare ni. "Hajiya, da gaske kin neme su?"

Na ce, "Har Arikya, ranka ya daɗe."

"Kin samu labari?"

"An ce an san baban Daemon."

Dariyar da ya yi sai da aka ba shi ruwa. Ya sa hannu a takardar kafin ya tafi. Oga bai yi mini magana ba kwana biyu, rana ta uku ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Mama, ka zauna, amma gwiwar hannu, ajiye shi a cinya." Asabe ce ta fi wuyar lallashi. Ba sunayen suka ɓata mata rai ba, barkar ƙarya ce.

Tun daga nan na koyi abu biyu. In ba ka gane aikin ɗanka ba, tambaye shi a gida, a hankali, kafin a miƙa maka abin magana. Kuma yanzu in na ga suna a rubuce, kafin in tausaya masa sai na fara tambaya, "Wannan, yana cin abinci?"