Rasuwar Sandar Auna Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya rasa masauki, mai awon tashar bakin tafki ke sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar abokiyar zamansa, Sandar Awo, wadda ta faɗi ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da ɗaya a tsaye.

Marigayiya katako ce mai fenti fari da baƙi, lambobi tun daga ƙafa har ka. An kafa ta a cikin ruwa don ta riƙa faɗin zurfin tafkin. Kullum ƙarfe bakwai mai awo zai tura kwalekwale, ya duba inda ruwa ya kama ta, ya koma ɗan ofishinsa mai taga ɗaya ya rubuta. Ba ta taɓa ƙarya ba, ba ta taɓa neman hutu ba. In igiyar ruwa ta mare ta, abin da take cewa ke nan: calap, calap.

Ƙishirwa ce ajalinta. Ruwa ya sauka daga wuyanta zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa idon sawu, ran nan ya juya mata baya ya yi tafiyarsa. Masunta suka ce a tumɓuke ta a bi ruwan da ita. Mai awo ya yi tsalle ya dire, don dokar aikin ita ce sanda ba ta motsi: a matsar da ita taku ɗaya, awon shekarun nan duka ya tashi a banza. Shekara shida yana takawa a ƙasa, ya tsaya gabanta, ya rubuta sifili.

Mai ɗakinsa ta ce, "Haba Malam, wannan ai ko daga kan gado ka rubuta."

Ya ce, "Ba na rubuta abin da ban gani ba."

Wata malamar bincike ta kwafe lambobin da yake rubutawa, ta zana layi mai gangarowa, ta kai manyan taruka. An tafa mata ƙwarai, aka tashi kowa ya kama gabansa.

Gara ta riga ta cinye gindin marigayiya. Da wani makiyayi ya ɗaure ɗan maraƙi a jikinta, fizga ɗaya ta ce ƙaras, ta kwanta. Babban ofis ya aiko da ta'aziyya layi biyu: tunda babu sanda, an rufe tasha.

Ta rasu ta bar kwalekwale a kife, da litattafai goma sha ɗaya da babu mai karɓa, da ƙanenta ma'aunin ruwan sama, wanda gizo-gizo ya tare a cikinsa, da kuma dattijon da har yanzu yake farkawa ya ɗauki biro, sannan ya tuna.

Za a binne ta gobe ƙarfe bakwai a inda ta tsaya, tsakiyar tafki. Masu zuwa su taho da diga, ƙasar ta yi tauri. Kowa ya riƙo ruwan shansa.