Mako Uku Ina Cewa Babu Matsala

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a ƙasar Indiya ba. Ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar kwamfuta, jami'a ta tura ni wani ƙaramin kamfani in yi wata uku ina sanin makamar aiki. Ƙa'idar a fili take: sai shugabar sashe ta sa hannu a takardata za a ba ni sakamako. In ba ta sa ba, sai maimaici, tallafin karatun da ya kai ni kuwa bai san maimaici ba. Ke nan garinmu Gummi zan dawo hannu rabbana.

Shugabar, wadda kowa ke ce wa Madam, mace ce gajera marar yawan magana. Ranar farko ta ba ni aiki: a manhajar kamfanin akwai shafin da masu sayayya ke sauya lambar wayarsu, yana gardama, in gyara. Na ce wannan ai shan ruwa ne.

Kafin ka taɓa komai sai ka shiga ma'ajiyar da kamfani ke ajiye rubutun manhajar, ka kwafo shi zuwa kwamfutarka. Na gwada, jan rubutu ya fito: ba ka da izini. Na sake, haka. Na kashe kwamfuta na kunna, na yi bisimilla, haka dai. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa jahilcina ne, kowa ya san hanyar sai ni.

To, kullum da safe akwai taron da ake yi a tsaye. Madam za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tsaya masa a wuya. Na ga ƙato da gemu, shekararsa goma a kamfanin, yana cewa, "Na kasa, ina neman taimako," ko a jikinsa. (A raina na ce wannan bai da ta ido.) Ni kuwa gidan malamai na tashi. A gidanmu ko zazzaɓi na kaɗa ka, babba ya ce ya jiki, da sauƙi za ka ce. Na fahimci tambayar Madam sarai, ba Turancin ne ya shige mini duhu ba. Bakina ne ya ƙi furta "na kasa" a gaban mutum goma sha biyu. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai na ce, "Aiki na tafiya, babu matsala."

Washegari ma haka. Da aka yi mako guda kuma sai abin ya fi ƙarfina, don in na faɗa yanzu za a ce ina nake tun ranar farko?

Kada ku ɗauka zaman banza na yi. Wallahi na wahala. Na buɗe manhajar a wayata, ina kallon shafin ina ƙera irinsa daga tushe a kwamfutata, kamar mai ɗinka wa mutum riga bai taɓa ganinsa ba. Har launuka na zaɓa masu kyau. In Madam ta gifta sai in haɗe gira in ƙara saurin buga madannai.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Alhamis ta mako na uku aka ce kowa ya nuna aikinsa a babban allo, har mai kamfanin ya zo ya zauna. Na haɗa kwamfutata, na nuna shafina, na sauya lamba, ta sauyu. Wani har ya gyaɗa kai. Zuciyata ta fara sanyi.

Madam ta ce, "Ya yi kyau. Amma wannan ba shafinmu ba ne. Nuna mana inda ka haɗa shi da namu."

Na ce ban kai ga nan ba tukuna.

"To buɗe ma'ajiyar mu gani."

Jama'a, na buɗe. Jan rubutun nan da na yi mako uku ina ɓoyewa ya fito a allon da ya kai faɗin ƙofar zaure.

Ta ce, "Tun yaushe kake ganin wannan?"

Na ce, "Tun ranar da na zo."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta jawo kwamfutarta, ta danna nan ta danna can, ta ce in sake gwadawa. Ya buɗe. Ashe sunana ne aka manta ba a saka cikin masu izini ba. Minti biyu bai cika ba. Ƙaton nan mai gemu ya dafa kafaɗata don ya lallashe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ofishinta ta ce mako ukun nan ba za ta lissafa ba, sai na rama su kafin ta sa hannu. Kuma daga ranar ni ne farkon magana a taron safe, dole in zo da matsala ko guda ɗaya. Ramuwar ta cinye hutuna, babbar Sallah ta same ni a can.

Da na kira mahaifiyata in gaya mata ba zan zo Sallah ba, na kwashe labarin duka na ba ta, ina jiran ta ce ai kunya ado ce. Sai Inna ta ce, "Kai wane irin yaro ne? Ko akuya in igiya ta shaƙe ta kuka takai. Mi ya hana ka buɗa baki?"

An sa mini hannu daga baya, na gama lafiya. Abin da na koyo a ƙasar waje da kuɗin jirgi da biza, ashe akuyar gidanmu ta riga ni saninsa. Yanzu in abu ya gagare ni tun da safe nake kukana, kowa ya ji.